Uwargida da Amarya a Kan Kogin Kwara

Ranar 23 ga watan Mayu na 2023, saura kwana shida ya sauka daga mulki, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabuwar gadar da ta haɗa Asaba da Onitsha, garin da bakinmu ya mayar Anaca. Bai je bakin kogin ba, daga fadarsa ta Abuja ya yi bikin ta allon bidiyo. A nan Arewa labarin bai daɗe a bakin mutane ba. Abin da aka fi ji a majalisun hira da teburan mai shayi ƙorafi ne: an gama wa Ibo gadarsu, mu kuwa hanyar Abuja zuwa Kaduna tana nan tana cin tayoyi da rayuka. Ƙorafin yana da tushe, ba mu musa ba. Kalmar "gadarsu" ce dai ta tsaya mana a rai, domin duk wanda ya bi tarihin wannan mashigi zai tarar da sawun ƙafarmu tun daga ranar da aka buɗe tsohuwar gadar har zuwa ranar da aka yi mata amarya.

Kafin a yi gada, fito ake yi. Kogin Kwara, wanda littattafan makaranta ke kira Neja, yana tasowa daga duwatsun ƙasar Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya shigo Nijeriya ta ƙasar Kabi, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, sannan ya gangara kudu. A inda ya iso tsakanin Asaba da Anaca faɗinsa ya haura kilomita guda. Mota ta zo daga Legas sai ta tsaya a gaɓar Asaba ta bi layi, ta jira jirgin fito ya ɗauke ta zuwa ƙetare. Masu ƙananan kaya kuwa kwale-kwale suke shiga. Garuruwan biyu ba ƙanana ba ne a tarihi. A Asaba kamfanin Royal Niger ya kafa hedkwatar mulkinsa kafin 1900, Anaca kuma tun 1857 'yan mishan suka sauka a cikinta, kasuwarta ta bunƙasa har ta zama ɗaya daga cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. Duk da haka, har Turawa suka tafi a 1960 ba su ɗora gada a wurin ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya dubi taswira. Manyan gadojin da Turawa suka gina sun bi layin dogo ne. Ta Jabba a kan Kwara, wadda aka gama a shekarun yaƙin duniya na farko, ita ta ba jirgin ƙasa damar tahowa daga Legas zuwa Kano ba tare da fito ba. Ta Makurɗi a kan Binuwai, wadda aka buɗe a 1932, ta haɗa Arewa da Fatakwal. Dukkansu daga tudu zuwa teku suka nufa, saboda gyaɗa da auduga da fata da kuzar Jos su isa bakin jirgin ruwa. Haɗa Gabas da Yamma ba ya cikin lissafin mai fitar da kaya waje. Wannan lissafin na mai son gina ƙasa ne, shi ya sa sai da aka doshi 'yancin kai maganar ta taso sosai.

A shekarun 1950 wani kamfanin injiniyoyi na ƙasar Holan, NEDECO, ya yi binciken yiwuwar aikin. Kamfanin Dumez na Faransa ya yi ginin tsakanin 1964 da 1965, aka kammala a watan Disamba na 1965. Gada ce ta ƙarfe, irin mai saƙar ƙarafa a gefe da sama, tsawonta kusan kilomita 1.4, da hanyar masu tafiya a ƙasa a kowane gefe. Wanda ya buɗe ta Firayim Minista ne, Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin makaranta daga Bauci. A lokacin Asaba tana cikin Jihar Yamma ta Tsakiya da aka ƙirƙiro a 1963, Firimiyanta Dennis Osadebay ɗan garin ne, Anaca kuma tana Jihar Gabas a ƙarƙashin Michael Okpara, ita ce kuma asalin Shugaban Ƙasa Nnamdi Azikiwe. Bahaushe bai rasa dangantaka da Azikiwe ba, tunda a Zungeru aka haife shi a 1904, ya kuma taso yana jin Hausa.

Buɗe gadar nan yana cikin hidimomin ƙarshe da Ɓalewa ya yi wa ƙasarsa. Ba a jima ba, daren 15 ga Janairun 1966, sojoji suka yi juyin mulkin farko, aka kashe shi a Legas, aka kashe Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna, aka kashe Akintola a Ibadan. Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu, wanda ya jagoranci harin gidan Sardauna, a Kaduna aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, iyayensa kuwa mutanen Okpanam ne, wani gari da ke dab da Asaba. Wannan ɓangaren labarin kowane ɗan Arewa ya san shi, da shi aka raine mu. Abin da ya biyo baya ne ba mu cika son dogon zance a kansa ba. A watan Mayu, sannan a Satumba da Oktoba na wannan shekara, an kashe dubban Ibo a garuruwanmu, Kano da Kaduna da Zariya da Jos da sauransu. Fiye da mutum miliyan guda suka tattara abin da za su iya ɗauka suka koma Gabas. Na Arewa galibi ta Makurɗi suka bi, na Legas da Yamma kuwa sabuwar gadar ce ta ƙetarar da su. 'Yan Arewa mazauna Gabas su ma an kashe wasunsu, sauran suka baro. Gadar da aka gina don kasuwanci, aikinta na farko mai girma shi ne ɗaukar masu gudun tsira.

Ranar 30 ga Mayun 1967 Odumegwu Ojukwu ya ayyana ƙasar Biyafara. Shi ma haihuwar Zungeru ne, kuma shi ne kwamandan bataliya ta biyar a Kano lokacin juyin mulkin Janairu. Yaƙi ya ɓarke ranar 6 ga Yuli. Ranar 9 ga Agusta sojojin Biyafara ƙarƙashin Victor Banjo suka bi ta kan gadar suka shiga Yamma ta Tsakiya, suka kama Binin, suka nausa har Ore a kan hanyar Legas. Gwamnatin Gowon ta harhaɗa runduna ta biyu cikin gaggawa ta danƙa wa Kanar Murtala Muhammed. Ya kore su, ya karɓe Binin a watan Satumba, ya biyo su har bakin kogi. A farkon Oktoba, da mayaƙan Biyafara suka gama ƙetarewa gida, sai suka sa nakiya suka karya gadar ta ɓangaren Anaca. Ba ta cika shekara biyu da buɗewa ba.

Fushin ya sauka a kan Asaba. Ranar 7 ga Oktoban 1967 mutanen garin suka fito cikin fararen tufafinsu na biki, suna nuna goyon baya ga Nijeriya ɗaya, da fatan hakan zai kawo ƙarshen kashe-kashen da aka fara tun shigowar sojoji. A wani fili da ake kira Ogbe-Osowa aka ware maza da samari daga mata da ƙananan yara, aka buɗe musu wuta. Ɗaruruwa suka mutu. Rundunar ta ƙunshi sojoji daga sassa daban-daban na ƙasar nan, amma kwamandanta ɗanmu ne, Bakano, wanda hotonsa ke jikin naira ashirin, wanda kuma muke ƙauna saboda wata shidan da ya yi yana mulki. Ƙaunar ba ta goge ranar 7 ga Oktoba ba. Shekaru da yawa bayan yaƙin Janar Gowon ya nemi gafarar mutanen Asaba. A makarantunmu kuwa da wuya ɗalibi ya gama sakandare ya taɓa jin sunan Ogbe-Osowa.

Rashin gadar ya ci sojojin tarayya su ma. An ba Murtala shawarar ya haura arewa ya ƙetare ta Idah inda babu abokan gaba a gaɓa, ya ƙi, ya zaɓi ya afka wa Anaca kai tsaye ta ruwa. Sau uku ana zuba sojoji a jirage a watan Oktoba, sau uku ana mayar da su da asara mai yawa. Cikin waɗanda kogin ya ci akwai samarin da aka ɗebo daga ƙauyukan Arewa, waɗanda ba su taɓa ganin ruwa mai wannan faɗi ba. Daga ƙarshe ta Idah ɗin aka bi, Anaca ta faɗi a watan Maris na 1968, babbar kasuwarta kuwa ta riga ta ƙone. Yau doguwar gadar da ke Jamata a kan hanyar Abuja zuwa Lakwaja, wadda duk motar Arewa mai zuwa Kudu ta wannan hanya take hawa, sunan Murtala take ɗauke da shi.

Da yaƙi ya ƙare a Janairun 1970, gyaran gadar Anaca na cikin ayyukan farko na sake gina ƙasa. An fara toshe gurbin da ya karye da gadar ƙarfe ta wucin gadi irin ta soja, motoci suka ci gaba da wucewa. Daga nan ta shiga aikin da ba a auna ta da shi ba. Ƙidayar 1963 ta ce mu miliyan 55 ne da 'yan kai, yau mun haura miliyan 200. Kuɗin fetur na shekarun 1970 ya cika tituna da motoci. Jirgin ƙasa, wanda a da shi ke ɗaukar kaya masu nauyi, ya yi ta lalacewa har ya kusa tsayawa cak, sai siminti da rodi da fetur da shanu da hatsi duk suka dawo bayan tirela da tanka. Duk motar da ta taso daga Legas ko Binin za ta Inugu ko Owerri ko Aba, wannan siririyar gada ce ƙofarta.

Gada tana tsufa ta hanyoyin da ido ba ya saurin gani. Ƙarfe yana gajiya: duk motar da ta hau sai ya ɗan lanƙwasa ya dawo, kamar yadda yaro ke lanƙwasa waya gaba da baya har ta tsinke, sai dai nan shekaru ake ɗauka. Damshin kogi yana kawo tsatsa, musamman a mahaɗai da ƙusoshi inda fenti ya ɓare. Akwai matasan da gangar gadar ke zaune a kansu bisa ginshiƙai, da tsagogin da aka bari don ta miƙe da zafin rana ta tsuke da sanyi; idan ƙasa da tsatsa suka cushe su, nauyin sai ya koma inda ba a shirya masa ba. A ƙarƙashin ruwa kuma ambaliya tana ƙwaƙule yashin gindin ginshiƙai. Akwai kuma cunkoso. A Anaca kuwa, musamman a watan Disamba lokacin da 'yan Gabas ke komawa gida Kirsimeti, tireloli maƙare da kaya sukan jeru hanci da wutsiya a kan gadar, su yi awoyi ba motsi. Direbobi sun sha ba da labarin yadda suke jin tana rawa a ƙarƙashinsu.

Cikin waɗannan direbobi akwai namu da yawa. Motar albasa daga Aliero ko ta tumatir daga Kadawa ko ta shanu daga Potiskum, idan ta sauka Lakwaja tana da zaɓi biyu: ta bi ta Ajaokuta ta shiga Gabas ta wajen Inugu, ko ta miƙe ta Okene da Auchi da Agbor ta faɗo Asaba ta hau gadar. Wanda ya taɓa dakon ɗanyen kaya ya san abin da kwana ɗaya a layi ke nufi; kwandon tumatir ba ya jiran minista. A dawowa motocin nan sukan ɗauko manja da kayan gyaran mota da kayan masarufi, da magungunan da ake saro wa a kasuwar bakin gada, waɗanda ke ƙarewa a kantunan Sabon Gari. Hatta mu marubuta muna da rabonmu a garin: 'yan ƙananan littattafan da aka riƙa bugawa ana sayarwa a kasuwar Anaca a shekarun 1950 da 1960 su ne suka ba masana sunan da daga baya suka kwaikwaya suka laƙaba wa namu, Adabin Kasuwar Kano.

Akwai kuma ranar da gadar ta yi mana abin da ta yi wa Ibo a 1966. A watan Fabrairun 2006 rikicin zanen ɓatancin da aka buga a Denmark ya ɓarke a Maiduguri, aka ƙona coci-coci, aka kashe Kiristoci. Da labari da gawarwaki suka isa Anaca, aka far wa 'yan Arewa mazauna garin, aka kashe da dama, aka ƙona masallatai. Waɗanda suka tsira da yawansu da ƙafa suka bi ta kan gadar suka fake a Asaba. Shekara arba'in tsakani, ƙarafan nan guda sun ga gudu ta gabas, sun ga gudu ta yamma.

Maganar gada ta biyu ta daɗe ana yin ta. Tun zamanin Shagari ta shiga bakin 'yan siyasa. A 1987 gwamnatin Babangida ta ƙalubalanci injiniyoyin ƙasar nan su zana ta, suka zana, zanen ya shiga durowa. Obasanjo ya aza harsashi a watan Mayun 2007, saura 'yan kwanaki ya bar mulki, ba a ɗora komai a kai ba. Jonathan ya yi alkawarinta a yaƙin neman zaɓen 2011, ya ƙaddamar da aikin ranar 10 ga Maris na 2014 da tsarin haɗin gwiwa da 'yan kasuwa, aka yi ayyukan share fage, sannan kuɗi ya tsaya. Alkawari kaya ne, amma wannan kowa ya ɗauka sai ya sauke wa na bayansa. Ga mutanen Gabas jinkirin ya wuce maganar cunkoso. Da yawansu sun karanta shi a matsayin shaidar cewa yaƙin bai ƙare ba a zukatan masu mulki, kuma masu neman farfaɗo da Biyafara sun sami abin nunawa da yatsa.

Babban aikin ya kankama a 2018, a hannun kamfanin Julius Berger, Babatunde Fashola yana ministan ayyuka. Abin da ya bambanta wannan karon shi ne hanyar biyan kuɗi. Maimakon jiran kasafin kowace shekara, wanda akan yanka a kuma makara wajen saki, an kafa wani asusu na musamman na shugaban ƙasa don manyan ayyuka, hukumar NSIA tana kula da shi. Ayyuka uku ne suka fi cin moriyarsa: hanyar Legas zuwa Ibadan, gadar Neja ta biyu, da hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano. A 2020, da Amurka da tsibirin Jersey suka dawo da dala miliyan 311 daga kuɗin da aka danganta da Janar Sani Abacha, sharaɗin shi ne a zuba su a waɗannan ayyuka uku. Ashe gadar da muke kira tasu da hanyar da muke kira tamu daga tukunya ɗaya aka zuba musu, ɗan kwangila ɗaya kuma ya riƙe su a lokacin. A ranar da aka buɗe gadar aka kuma buɗe sashen Kaduna zuwa Kano, da gadar Loko zuwa Oweto a kan Binuwai. Sashen Abuja zuwa Kaduna ne ya rage, kuma tambayar dalili tana wuyan waɗanda suka riƙe aikin. Mutumin Anaca ba shi da amsarta.

Amaryar ba ta yi kama da uwargida ba. Ta kankare ce, tsawonta kilomita 1.6, layi uku a kowane hannu, tana ƙasa kaɗan da tsohuwar ta wajen da ruwa ke gangarawa. An haɗa ta da sabuwar hanya mai tsawon kilomita goma da ɗoriya wadda aka cike fadama da yashi kafin a shimfiɗa ta, ta je ta haɗe da titin Owerri a wajen Obosi, don mai wucewa ya kauce wa tsakiyar Anaca. An fara buɗe ta na wata guda ranar 15 ga Disamban 2022 saboda matafiyan Kirsimeti, hannu ɗaya: da farko masu zuwa Gabas, bayan sabuwar shekara kuma masu dawowa. A hukumance an sa mata sunan Buhari, mutumin Daura wanda ya yi yaƙin basasar yana ƙaramin hafsa. A bakin direbobi dai har yau gada ta biyu ce.

Ba a rushe tsohuwar ba, kuma daidai ne da ba a rushe ba. Ita ce ke shiga cikin gari kai tsaye, 'yan kasuwar bakin gada da masu ƙafa da masu ƙananan motoci ita suke bi. Darasin mashigi ɗaya tak mun koye shi da jikinmu a watan Oktoban 2022, lokacin da ambaliya ta shanye titi a wajen Koton Ƙarfe, kusa da gadar Murtala. Tireloli da tankoki suka yi kwanaki a jere, ɗanyen kaya ya ruɓe a bayan mota, layin fetur ya dawo Abuja. Jiki magayi. Wanda ya kwana a wannan layi ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da mutanen Gabas suka yi shekara da shekaru suna faɗa.

Sai dai buɗe gada da riƙe ta aiki biyu ne. An buɗe amaryar manyan hanyoyin da za su kewaye Asaba da Anaca su kawo mata motoci ba su kammalu ba, sai da aka yi mata hanyar wucin gadi. Ba ta cika wata biyu da biki ba aka ba da rahoton ɓarayi sun ɓalle ƙarafan mahaɗanta. Uwargida kuma, da idon hukuma ya koma kan sabuwa, tana cikin haɗarin da kowace uwargida ta sani. Tana bukatar fenti, da sauya matasai, da masu nutso su duba gindinta bayan kowace damina, da sikelin da zai hana motar da ta wuce kima hawa kanta. Babu ɗaya cikin waɗannan da ake yanka kirtani a kansa, shi ya sa ba sa shiga jawabin yaƙin neman zaɓe. Haka gadar Jabba da ta Makurɗi da ta Jamata suke jira, kowacce da shekarunta a kanta.

Mu da muke rubutu da karatu da Hausa ba mu da ikon ba da kwangila. Abin da ke hannunmu shi ne yadda muke ba da labari. Idan za mu gaya wa yaranmu cewa Ɓalewa ne ya buɗe gadar Anaca, sai mu gaya musu su wa suka gudu ta kanta a 1966 da abin da ya kore su, mu gaya musu Ogbe-Osowa, mu gaya musu samarinmu da ke kwance a ƙarƙashin ruwan, da 'yan'uwanmu da ta tserar a 2006. Direban da ya taso daga Kano da lodin albasa, ya sauko Asaba da asuba, yanzu yana da gada biyu a gabansa. Duk wadda ya hau, ba baƙo ba ne a kanta.